Janareton Babbanmu

A gidanmu ba a yi wa yaro kyauta da baki kawai, sai an ɗora hannu. Ranar sunan jariri, bayan an yanka rago, uba ko kaka zai shiga garke ya zaɓi karsana, ya ɗora tafinsa a gadon bayanta ya ce, "Wannan ta wance ce." Shi ke nan. Ba takarda, ba shaida sai idon mutanen da ke tsaye. Karsanar za ta ci gaba da kiwo cikin 'yan'uwanta, ba mai ware ta, amma duk abin da ta haifa na yaron ne, kuma kowa a rugar ya san haka. Da wannan muka tashi a gefen Kiyawa, da shi kuma mahaifinmu, wanda muke kira Baffa, ya shigo Dutse lokacin da ya sayar da wasu shanunsa ya buɗe wurin sarrafa nono.

Wurin ba wani babba ba ne. Matan ruga suna kawo madara da safe, wasu a ka, wasu a bayan babur tun daga ɓangaren Buji, a tace, a tafasa, a sanyaya, a yi kindirmo da yogot a zuba a robobi. Da kasuwa ta fara buɗewa sai manyan kantuna suka ce ba sa sayen kaya a hannun mutum, sai a hannun kamfani mai rajista. A lokacin doka ba ta yarda mutum ɗaya ya kafa kamfani ba, sai an samu na biyu. Ni ce na yi boko a gidan, ina koyarwa a firamare, don haka Baffa ya iske ni a makaranta lokacin tara, ya miƙo mini takardu ya ce in sa hannu. Na sa, da farin alli a yatsuna, na koma aji. Haka na zama darakta, ban san na zama ba.

Mu uku ne a wurin Baffa da Inna. Ni ce ta tsakiya. Akwai ƙanenmu da kowa ke kira Auta har yau da yake da gemu, sai kuma Hamma, wato babban wanmu. Hamma ɗan fari ne, duk wanda ya zauna da Fulani kuwa ya san abin da wannan ke nufi. Ban taɓa jin Baffa ya kama sunansa ba. Inna in za ta aike shi sai ta kalli bango ta ce, "A gaya wa mutumin can ruwa ya ƙare," alhali yana zaune a gabanta. Ni an sa ni makaranta, Auta an goya shi har ƙafarsa na jan ƙasa, shi kuwa Hamma sanda aka miƙa masa ya bi shanu. Ko saniyar sunansa kakanmu ne ya ba shi, ta mutu a wata shekarar ciwon shanu ba ta bar baya ba. Da aka buɗe wurin nono shi ke ɗaukar jarkoki, shi ke wanke tukwane, shi ke rigima da masu babur in sun makara. Ba ya ƙorafi. Amma tun ranar da ya ji labarin takardun nan ya koma kirana Darakta, kuma ina jin ƙayar da ke cikin kiran.

To, Baffa dai ya bar daji amma halin daji bai bar shi ba. Duk abin da aka sayo wa wurin, sai ya zagaye shi kamar zai taya sa a kasuwa, sannan ya ɗora hannu. Da aka kawo tankin sanyaya madara, farin ƙarfe mai sheƙi, ya ɗora hannu ya ce, "Wannan na malamar ne." Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba, har hoto na ɗauka a jikinsa. Da aka sayi akori-kura ta kai kaya, ya ce ta Auta ce. Janareto shi ne ya zo a ƙarshe, bayan ɗauke wuta ya sha tsinka mana madara. Ƙato ne, sai da ƙarti suka taru kafin a sauke shi. Baffa ya zagaye shi, ya ɗora hannu, ya juya fuska can gefe inda babu kowa, ya ce, "Wannan na babbanku ne."

Hamma na tsugune yana kwance igiyar da aka ɗaure injin da ita. Bai ɗago ba, bai ce na gode ba, don ba a yin haka. Amma mutumin da ke kwance dabaibayin saniya ido rufe, ranar na ga ƙulli ɗaya ya gagare shi. A iya sanina wannan ne karo na farko da Baffa ya ba shi wani abu a gaban mutane.

Baffa ya rasu a farkon damina, bayan 'yar gajeriyar jinya. Da aka yi sadakar arba'in aka zauna rabon gado. Shanu da gona da gida ba su ba da wahala ba, liman ya raba yadda shari'a ta ce, kowa ya yi hamdala. Da aka zo kan wurin nono sai Hamma ya ce babu abin rabawa, Baffa ya riga ya raba da ransa. Kowa ya san nasa. Shi zai ɗauki janaretonsa ya kai Kiyawa ya buɗe shagon ƙanƙara, ya gaji da zama yaron wani.

Ni fa ba ni da haƙuri, wannan kowa ya shaida, tun daga 'yan ajina har mijina. Na ce, "Hamma, in ka cire janareto, tankin nan ya zama randa. Matan da ke kawo madara fa, su kai wa wa?"

Ya ce, "Ke ce Darakta, sai ki san yadda za ki yi."

Na ce, "Yaron wa ka zama? Wa ya taɓa aiken ka a wurin nan in ba Baffa ba?"

Ya ce, "Sunan wa ke jikin takarda?"

Daga nan baki ya yi baki, na faɗi wasu, ya faɗi wasu, liman ya yi ta salati har ya gaji ya ɗage zaman. Abin da ke gabana a fili yake. In janareton nan ya fita, wurin ya mutu a cikin mako, don wutar gari ba abin dogaro ba ce, madara kuma ba ta jiran kowa.

Dama banki ya riga ya ce ba za a taɓa asusun kamfani ba sai an gyara maganar sa hannu, tun da Baffa kaɗai ke sawa. Wannan ya kai ni wurin wata lauya, a wani bene kan hanyar sakatariya. Matashiya ce 'yar Garki, siririya, mai magana a hankali kamar tana tsoron ta da barci. Na zayyana mata komai, ta ce in zo da 'yan'uwana duka. Auta ya lallaɓo Hamma, muka zauna mu uku a gabanta kamar an kira mu ofishin hedimasta.

Ta ce, "A idon doka kamfani mutum ne. Ranar da aka yi masa rajista aka haife shi. Yana da sunansa, yana saye yana sayarwa, yana iya kai ƙara, ana iya kai ƙararsa. Baffanku ya rasu, Allah ya ji ƙansa, amma kamfani yana nan da ransa, ba a kuwa raba gadon mai rai. Abin da kuka gada shi ne hannun jarin da Baffa ke da shi a ciki."

Auta ya ce, "Barista, shi hannun jarin wanne ne a cikin kayan?"

Ta ce, "Ba kowanne ba ne. Rabo ne a cikin dukkansu a haɗe. Injin nan da sunan kamfani aka saye shi, da kuɗin kamfani. Darakta ba shi da ikon kyautar da shi don ya ga dama, ko da shi ya kafa wurin."

Ai kuwa na gyara zama, na juya na kalli Hamma na ce, "Ka ji ko? Da ni na faɗa sai a ce boko ne ke damuna."

Lauyar ta dube ni ta ce, "Har da tankin, Hajiya."

Wallahi har ga Allah ban kawo tankina cikin lissafin ba. Ina ta murna an yanke wa wani hukunci, ashe wuƙar har da wuyana. Auta kuwa na ga ya zame makullin motar daga kan tebur a hankali ya tura aljihu. A wani lokacin da mun yi dariya. Amma Hamma bai motsa ba. Ya ce, "Barista, wato mahaifina ya ba ni abin da ba nasa ba ne?"

Ta ce, "Malam, niyyarsa gaskiya ce. Hanyar da ya bi ce ba ta kai ba. Amma in za ka saurare ni, akwai..."

Bai saurara ba. Ya miƙe, ya yi sallama, muna jin takunsa a matakala har ƙasa. Ni ma na suri jakata zan bi shi in ƙarasa masa, ta tsayar da ni a bakin ƙofa. Ta ce in sani yanzu ni kaɗai ce daraktar da ta rage, kuma kula da dukiyar kamfani wajibi ne a kaina. In na zuba ido aka fita da injin, ni za a tambaya. In abin ya ƙi, kotu na iya ba da umarnin hana taɓa shi. Ta fara wata magana kuma, ban tsaya ji ba. Na samu sanda, ita kaɗai nake nema.

Hamma bai yarda da maganar 'yan boko ba, ya tafi wurin liman, yana ganin a nan zai samu gaskiyarsa. Liman ya ce masa kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe kafin mai bayarwa ya rasu. Jariri ne ubansa ke riƙe masa, shi ya sa saniyar suna ke zama. Amma babban mutum mai iyali, injin yana nan inda aka sauke shi yana yi wa wurin aiki, wannan ba a kira shi karɓa ba. Ƙofa ta biyu ke nan ta rufe masa. Na ɗauka zai haƙura. Sai ga Auta da saƙo, wai Hamma ya yi magana da mai babbar mota, zai zo ya ɗauki abinsa, duk mai hanawa ya hana.

Na tafi kasuwa na sayi kwaɗo, mafi girman da na samu. Daga nan na biya gida wurin Inna, tana cikin takaba, in gaya mata don kada ta ji a bakin mutane cewa na rufe wa ɗanta ƙofa, ƙila har na kai shi kotu. Tana zaune a kan tabarma da carbi. Ta bari na gama huci tsaf, sannan ta ce, "Ba a rufe wa ɗan'uwa ƙofar gidan ubansa." Ta ja carbi kaɗan, ta juya wajen bango ta ce, "A dai gaya wa mutumin ya zo da safe. Rana da zafi."

Na ce a raina baƙin ciki ya taɓa tsohuwar nan. Muna tsakiyar damina, hadari kullum, wane zafin rana? Amma maganar uwa ce. Na jefa kwaɗon a jaka, na ce wa Auta ya isar da saƙon.

Da safen kuwa ya zo. An kwana ana ruwa da iska, turakun wuta sun faɗi a unguwar, janareto na ta ruri tun asuba. Mata sun yi layi a tsakar wurin da jarkoki da ƙorai, zannuwansu a jiƙe, suna hira da Fulatanci. Motar ta shigo da baya, ƙarti a samanta da igiyoyi. Ni ina tsaye a ƙofar ɗakin tanki, lambar lauya a buɗe a wayata, maganganun da zan faɗa kuwa na jera su tun a gida.

Matan ba su san abin da ake ciki ba. Suna ganin Hamma suka hau gaishe shi, suna ƙara yi masa ta'aziyya. Wata tsohuwa daga cikinsu ta miƙa masa ƙwaryarta, don shi ya saba duba madara kafin a karɓa. Ya karɓa bai ma sani ba, ya sansana, ya gyaɗa kai, ya mayar mata. Sannan ya wuce wurin injin ya ɗora hannu a kan makunni.

Bai kalle ni ba ya ce, "Me ke cikin tankin?"

Na ce, "Madarar safe. Ya kusa cika."

Hannunsa ya daɗe a wurin. A gidanmu ba a wasa da nono. Ko ɗigo ya zuba, Inna sai ta yi salati ta rufe wurin da ƙasa don kada a taka. Mutumin da ya tashi yana tatsa tun kafin ya iya ɗaura wando, a ce ya kashe wuta da hannunsa tanki guda ya tsinke, a gaban matan da suka tako cikin taɓo suka kawo, wannan ba zai iya ba. Ni da na haddace dokar kamfani a kwana biyu ban tuna da haka ba, Inna ta tuna.

Ya janye hannu ya ce wa ƙartin, "Sai an kwashe." Ya jawo benci ya zauna.

Kafin a gama da madarar safe a zuba a robobi, ta yamma ta fara isowa daga rugagen kusa. Direba ya yi ta duba agogo yana tsaki, daga baya Hamma ya sallame shi ya ce gobe. Goben ma haka. Da damina ciyawa ta ƙoshi, nono ba ya yankewa, tankin kuwa bai taɓa zama fanko ba sai ɗan lokacin wanki, shi ma mata na tsaye da jarkoki suna jira. Ƙartin suka fara zuwa ɗaiɗai, suka daina. Direban ya ce in shanu sun ƙafe a neme shi. Hamma dai kullum yana nan a kan benci, wai yana jiran a kwashe. Yana cikin jiran ne yake duba man injin, yake goge shi, yake yi wa ma'aikata faɗa don sun zuba dizal ba su tace ba. Ni da shi sai gaisuwa, ita ma a taƙaice.

Wata safiya injin ya yi tari ya mutu, tanki a cike, wutar gari babu. Kafin in lalubo lambar bakanike Hamma ya tuɓe riga ya shige cikinsa har gwiwar hannu. Ban san me ya taɓa ba, na dai ji ya tashi. Ya fito baƙi ƙirin da mai, bai ko goge fuska ba ya nufo ɗakin tanki ya ce, "Bai yi ɗumi ba ko?"

Na ce bai yi ba. Ya ce alhamdu lillahi, ya koma bencinsa. A nan fushina ya zube. Na tsaya ina kallon bayan mutumin da ya zo ɗauke injin, ya ɓige da yi masa jinya don madarar wasu, sai tausayinsa ya kama ni har na ji kunyar kwaɗon da ke cikin jakata. Ba ƙanƙara yake so ya sayar ba. So yake a ce hannun da Baffa ya ɗora ranar nan ba a banza ya ɗora shi ba.

Na koma wurin lauya na ce mata maganar kotu babu ita. Na ce, "Barista, ki duba mini a cikin dokar taku, babu inda mutumin nan zai riƙe wani abu a hannunsa?"

Ta yi dariya, karo na farko da na ga haƙoranta. Ta ce, "Hajiya, abin da na fara faɗa ke nan ranar, shi ya fita, ke ma kika bi bayansa. Gidanku ba a tsayawa jin ƙarshen magana ne?" Ta ce kujerar Baffa ta darakta ba kowa a kai, kuma ina da ikon naɗa wanda zai cike ta. Idan takardar gado ta fito daga kotu aka mayar da hannun jarin da sunan magada, sai su zauna su tabbatar. Na ce bai yi boko ba. Ta ce doka ba ta tambayi takardar makaranta ba, baligi mai hankali take nema, wanda ba a taɓa kama shi da zamba ba, ya kuma amince a rubuce. Ta ƙara da cewa mu rubuta yarjejeniya tsakaninmu tun muna shiri, cewa duk wanda zai sayar da rabonsa sai ya fara yi wa 'yan'uwansa tayi, asusun banki kuma ya zama sai mutum biyu sun sa hannu. Wannan karon na zauna har ta kai aya.

Ban iya lallashi ba, don haka da na iske shi a kan benci sai kawai na ce, "Hamma, kujerar Baffa ba kowa."

Ya ce, "Ai ga ki."

Na ce, "Tawa daban. Tasa nake faɗa."

Ya nuna injin da haɓa ya ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Ba naka ba ne. Tankin ma ba nawa ba ne, na haƙura. Amma wanda ya hau kujerar, doka ta ce shi ke kula da su, in sun lalace da sakacinsa shi za a riƙe. Ba shi da ikon sayarwa don kansa, ba shi da ikon kyautarwa."

Ya daɗe yana murza hularsa a hannu. Can ya ce, "Kiwon amana ke nan." Yana nufin shanun mutane da ake danƙa wa makiyayi, ya kula da su fiye da nasa, ranar da aka tambaya ya kawo su cif. Ya ce, "Wannan ai na yi shi shekara da shekaru."

Bai ce ya yarda ba, Hamma ba ya cewa ya yarda. Amma ranar da aka sa, ya riga mu zuwa ofishin lauyar, da farar riga da sabon takalmi. Ya sa aka karanta masa takardar da Hausa tun daga sama har ƙasa, ya yi tambayoyin da ni ban yi ba lokacin da na sa nawa hannun, sannan ya rubuta sunansa da ajami, a hankali, yana cije leɓe. Daga baya liman ya raba hannun jarin Baffa yadda shari'a ta tsara, Inna ta samu nata, mu ma kowa ya samu nasa, ba a cire ko ƙusa ɗaya daga wurin ba.

In na san abin da na jawo wa kaina, da na yi tunani sau biyu. Mutumin nan ya fi dokar kanta tsanani. Bikin 'yar ƙawata na ce Auta ya kai mana kujeru da akori-kura, Hamma ya tare ƙofa ya ce, "Motar kamfani ce, Darakta. A kawo maganar zama." Na ce kujeru ne fa, nan da unguwar Takur. Ya ce ko tsintsiya ce. Na yi masifata na gama, na ɗauki hayar keke mai ƙafa uku. Shi ya matsa aka rubuta yarjejeniya da matan da ke kawo madara, ya kuma ce ba mai dangwala yatsa sai an karanta mata da Fulatanci ta ce ta gane. Na bar koyarwa na dawo wurin gaba ɗaya. Mun sa sola a rufin, janareto ya samu hutu, amma har yau in hadari ya rufe rana za ka ji ma'aikata na cewa a tayar da na Hamma. Lauya ta ce suna ba ya cikin abin da doka ta hana.

Bara babban ɗan Hamma ya samu 'ya mace, jikar Hamman ta farko. Ana saura kwana kaɗan suna Hamma ya same ni a ofis, ya rufe ƙofa, ya yi ta kame-kame kafin ya ce in raka shi wurin Barista. Yana so ya ba yarinyar saniyar suna, amma ba daga garke ba. Daga rabonsa na kamfani yake so ya ba ta, kuma ta hanyar da za ta kai. Lauya ta tsara takardu, mu sauran muka amince a zama, aka sa uban yarinyar ya riƙe mata amana har ta girma.

Da uwar ta fito yawon arba'in sai ta biyo da jaririyar wurin nono. Hamma ya karɓe ta yana tsokana, wai ga amaryarsa ta zo duba dukiyarta, ya shiga zagayawa da ita. Ya tsaya a gaban janareto, ya ɗora hannu daidai inda Baffa ya ɗora. Na ce a raina yau kuma za a sake. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce mata, "Nan kina da rabo." Ya wuce ɗakin tanki ya ɗora hannu a kan tankin da na taɓa kira nawa, ya ce nan ma. Ya fita ya ɗora a kan motar, da bangon wurin, har da tukunyar tafasa madara, yana faɗa mata ɗaya bayan ɗaya, ita kuwa tana ta barcinta.

Da ya dawo inda nake ya miƙo mini ita. Bai kalle ni ba, ya juya fuska can gefe inda babu kowa, kamar yadda Baffa yake yi. Ya ce, "Da ya san hanyar, haka zai yi mini."

Na ce, "Haka zai yi, Hamma."

Kuka na yi sosai, a gaban ma'aikata da matan ruga, ban damu ba. Shi kuwa ya goge hannu a jikin riga, ya ce hadari na haɗowa ta gabas, bari ya je ya duba man injin.